Hoton Aji Biyar a Shafi Biyu

Zoben ne Auta ta fara lura da shi. Matar ta ƙwanƙwasa shi a kan tebur sau biyu kafin ta buɗe baki, kamar mai jiran aji ya yi shiru. Auta tana lungun ofishin a bayan kwamfutarta, amma sai ta ji yatsunta sun tsaya da kansu.

"Ina mai tsara shafukan?" in ji matar. "An ce mini yarinya ce."

Manaja ya miƙe da sauri har kujerarsa ta bugi bango. "Ga ta can, ranki ya daɗe. Ba ta da magana, amma hannunta ya faɗa. Auta, zo ki gai da Shugaba."

Auta ta taso ta rusuna ta gaishe ta. Tsohuwar shugabar makarantar firamarensu ta dube ta ta saman tabarau, ta amsa a taƙaice, ta koma kan jakarta. Ba ta gane ta ba. Da ma ta yaya za ta gane ta? Lokacin da Shugaba take malamar aji biyar, Auta tana aji biyu, tana zaune a jikin bangon da ya raba ajujuwan.

Ita kuwa Auta ta san sunan tun ranar da rubutun ya iso madaba'ar. Littafi ne na jagora ga malaman firamare, kan yadda ake riƙe aji. Ta haɗiye abin da ta haɗiye, ta yi aikinta. Ta bar gefe mai faɗi a kowane shafi don malami ya samu wurin rubuta nasa tunanin. Ta zaɓi harafi mai kauri wanda za a iya karantawa a tsaye, littafi yana kan tebur, malami yana gaban allo. Ta sa kowane babi ya fara a shafin dama, ta kuma yi wasu ƙananan akwatuna masu launin toka da kanun "Gwada Wannan a Ajinka". Abin da ya fi ba ta haushi shi ne littafin yana da kyau. Babin da ya yi magana kan zaunar da yara masu raunin gani sai da ta karanta shi sau biyu.

Babi ɗaya ya rage, kuma shi Shugaba ta kawo yau da hannunta, tare da wani tsohon hoto a cikin leda.

"Wannan shi ne zuciyar littafin," in ji ta. "Na ajiye shi ƙarshe ne don ba na son a lalata mini. Ki karanta kanun da ƙarfi in ji."

Auta ta karɓi takardun. "Dabarar Tafi," ta karanta a hankali. "Yadda na buɗe bakin yarinya mai in'ina."

Ba ta buƙaci karanta sauran ba, amma idonta ya bi layukan. Kowace safiya a tsayar da yaron a kan tebur, a ba shi sakin layi ya karanta. Duk inda ya maƙale, 'yan aji su yi ta tafi tare, ba tsayawa, har sai kalmar ta fito. Da wannan, in ji rubutun, yaro yake koyon cewa shiru ba mafaka ba ce. A ƙasa an ja layi da jan biro: a saka wannan a akwatin "Gwada Wannan a Ajinka".

Auta ta san tafin. Ta bango yake shigo mata kowace safiya, raf, raf, raf, har malaminsu ya kan dakata da darasi ya jira ya wuce. Wani lokaci ya daɗe bai wuce ba. Idan an tashi, Yaya, yayarta da ake yi wa tafin, takan riƙe hannunta su bi ta bayan makaranta har gida. A ƙarshen shekarar Yaya ta kwanta a bayan ƙofar ɗaki ta ce ko za a yanka ta ba za ta koma ba. Ba ta koma ba. Har yau, in ana taro aka fara tafi, sai ka neme ta ka rasa.

Shugaba ta zaro hoton daga leda. Yara ne layi uku cikin kayan makaranta. Ita tana zaune a tsakiya, matashiya, kanta a ɗage. A damanta, manne da ita, wata siririyar yarinya ce a tsaye, mai faɗin goshi, bakinta a matse. Hannun malamar mai zobe yana kan kafaɗarta.

"Ga ta nan," in ji Shugaba, ta ɗora farce a kan goshin. "Ki zagaye mini fuskarta da da'ira. Hoton kuma ba na son ki matse shi a lungu. Ki baza shi shafi biyu, daga wannan gefe zuwa wancan. Ina so malami yana buɗe littafin ya gan mu."

"An gama, ranki ya daɗe," in ji Manaja. "Da la'asar ki dawo ki sa hannu, gobe inji ya tashi."

Bayan ta fita, Auta ta ɗauki hoton a na'ura ta shimfiɗa shi a kan shafukan biyu. A allon kwamfuta ya yi kyau ƙwarai. Amma akwai abin da allo ba ya nunawa, kuma bugun gwaji a shimfiɗaɗɗiyar takarda ba ya nunawa. Littafi mai kauri irin wannan da gam ake haɗa shi, kuma gam yana cinye tsakiya. Wurin da shafi biyu suka haɗu yakan nutse ciki, wajen faɗin babban yatsa, ba mai sake ganinsa sai wanda ya karya littafin. Baba mai gam, wanda yake haɗa littattafai a ɗakin baya, kwata yake kiran wurin. Duk mai tsara shafi ya san aikinsa ne ya gusar da hoto har kwatar ta faɗa inda babu kowa.

A wannan hoton babu inda babu kowa. Yaran a cushe suke. Ta ja shi dama kaɗan, layin tsakiya ya sauka a kan yarinya mai faɗin goshi. Ta mayar da shi daidai tsakiya, layin ya raba hancin malamar biyu. Ta ja, ta mayar. Ta ja, ta mayar. Fuskokin biyu suna kusa, amma ba kusan da kwata ɗaya za ta haɗiye su tare ba.

Ta buga shi a takarda, ta nannaɗe, ta ce wa Manaja za ta je cin abinci.

Shagon Yaya yana cikin layin teloli, bayan tashar bas. Auta ta same ta da almakashi a hannu, tef a wuya, tana yi wa wata mata nuni da alli inda za a rage hannun riga. Da baƙi, Yaya da alli take magana, da kai, da gira. Sai da matar ta tafi sannan ta juyo.

"Ma-mai digiri. An ko-kore ki ne, ko yunwa ce?"

"Saura kaɗan dai," in ji Auta. Ta share ƙyallaye daga kan teburin yanka, ta warware takardar.

Yaya ta daɗe tana kallo. Ta ajiye almakashin. Ta taɓa fuskar wata yarinya a layin baya, ta taɓa ta wani yaro, kamar tana gaishe su, sannan yatsanta ya zo tsakiya ya tsaya a sama bai sauka ba.

Auta ta ba ta labarin littafin, da babin, da akwatin toka. Ta ce ta san da littafin tuntuni, ta rasa yadda za ta faɗa.

"Ka-kanta ya yi fari?"

"Ya yi."

"Zoben fa?"

"Yana nan. Har yanzu tana buga shi."

Yaya ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Ta ce na wa-warke?"

"Ta ce kafin ƙarshen shekara bakinki ya buɗe."

"To."

"Yaya, duba nan." Auta ta ninke takardar a kan siririyar yarinyar, ta matse ninkin, ta buɗe kaɗan kamar littafi. Yarinyar ta ɓace. Sai hannun malama a kan wata kafaɗa da ba a san ta wace ce ba. "Haka gam yake yi. In na gusar da hoton kaɗan, ba wanda zai gan ki. Ita ba za ta sani ba sai an gama bugu. Babin ban isa in cire shi ba, amma ke zan iya cire ki."

Yaya ta karɓi takardar. Ta shimfiɗa ta, ta goge ninkin da gefen hannu kamar yadda take yi wa yadi. Ta rufe ido ɗaya ta auna, ta sake ninkewa a wani wuri, ta bi ninkin da farce daga sama har ƙasa. Ta buɗe. Yara suna nan layi uku, yarinya mai faɗin goshi tana nan tana kallon mai kallonta. A tsakiya babu kowa, sai gefen ɗankwali da hannu mai zobe.

"Na-nan," in ji ta.

"Yaya, in na yi haka fuskarki za ta shiga hannun malamai ko'ina. Da da'ira a kanta. Da wannan kanun a sama."

"Shekara gu-guda ina kan tebur ana kallona. Na saba." Ta tura mata takardar. "I-ita ce ba a taɓa ɓatarwa ba."

"Manaja zai kore ni."

Yaya ta nuna wani keken ɗinki a kusurwa, an rufe shi da zane. "Kin iya sa ma-maɓalli?"

"Ban iya ba."

"Di-digirin banza."

Suka yi dariya, sannan Auta ta hau bas ta kama hanyar komawa. Ba ta taɓa ɓata shafi da gangan ba. Ita ce wadda take dawowa daga bakin ƙofa don ta tuna ta bar layi ɗaya shi kaɗai a saman shafi. Ta ce a ranta za ta ba matar dama. In ta zo za ta ce mata, ranki ya daɗe, hoton nan zai fi kyau a shafi ɗaya. In ta yarda, shi ke nan, Allah ne ya tsare ta.

Da la'asar Shugaba ta dawo. Dokar madaba'ar ce mai littafi ya sa hannu a kan kowane shafi na bugun gwaji, kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana lasar yatsa. Ta yaba gefen da aka bari. Ta ce akwatunan sun yi tsari. Da ta zo kan hoton sai ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Kai, madalla. Dubi yadda na fito." Ta yi murmushi, murmushi na gaske. "Ka ga yarinyar nan, Manaja? Na sha wuya a kanta. Sai-an-tura muke kiranta, kamar tsohuwar mota. Ni na raɗa mata, don ta ji haushi ta yi zuciya. Daga baya iyayenta suka cire ta, ka san mutanenmu da rashin sanin darajar ilmi. Amma duk inda take, na san tana sa mini albarka."

Auta ta buɗe baki. "Ranki ya daɗe, ho... hoton..."

Zoben ya bugi tebur sau biyu. "Ke ma sai an tura ki? Buɗe baki ki yi magana, 'yata. Me ya samu hoton?"

Auta ta dubi hannun, ta dubi fuskar da take jira.

"Ba komai. Nan za ki sa hannu, a ƙasa."

Ta sa, da babban rubutu mai wutsiya.

Baba mai gam ne kawai ya gani. Ya fito daga ɗakin baya da takardar a hannu, yatsunsa sun yi baƙi, ya tsaya a bayan kujerarta ya rage murya.

"'Yata, kin ga inda kwata ta bi?"

"Na gani, Baba."

"Gam fa ba ya jin 'yi haƙuri'. In ya kama ya kama."

"Ta sa hannu."

Baba ya kai takardar kusa da idonsa. Ya karanta kanun yana motsa leɓe, ya dubi yarinyar da ke cikin da'ira, ya ɗago ya dubi Auta, ya sake komawa.

"Goshin nan kamar na san shi," in ji shi.

Auta ta mayar da idonta kan kwamfuta.

"To. Ni dai aikina gam." Ya koma ɗakinsa yana jan takalmi.

Littattafan suka fito ana gobe taron ƙaddamarwa. Da hantsi aka jera kwalaye a gaban ofis, suna ƙanshin tawada. Manaja ya sa babbar riga. Ya tara ma'aikata, har da masu inji, ya ce in Shugaba ta ɗaga na farko a yi mata tafi.

Aka yi. Raf, raf, raf. Auta ta ga Yaya a bakin ƙofa daidai lokacin, cikin wata shuɗiyar riga da ta ɗinka wa kanta, ta ga kafaɗunta sun haɗe, hannunta ya kama ƙarfen ƙofar. Ta zaci za ta juya. Ba ta juya ba. Ta tsaya har tafin ya mutu.

Shugaba ta shafa bangon littafin, ta shinshina shi, ta yi dariya. Ba ta tsaya kan gabatarwa ba, kai tsaye ta nufi babinta. Ta buɗe. Ta gyara tabarau. Ta sa manyan yatsunta biyu ta danna tsakiyar, ta ƙara dannawa.

"Ina nake?"

Ta ajiye shi ta ɗauki wani, ta buɗe. Ta ɗauki na uku daga wani kwali dabam. Wannan ta kama shi da hannu biyu ta lanƙwasa baya, har gadon bayan littafin ya yi ƙara ya tsage. A cikin tsagar, ƙarƙashin busasshen gam, ga rabin ido da gefen baki.

"Manaja, ina nake?"

Manaja ya karɓa ya duba, gumi ya keto masa. "Ranki ya daɗe, wannan... ai kin sa hannu a... a'a, ba haka nake nufi ba. Auta! Ke! Zo nan!"

Auta ta taso. Amma Yaya ta riga ta isa teburin. Ta tsaya a gaban Shugaba, haɓarta tana rawa, leɓunanta sun haɗe a kan wata kalma da ta ƙi fita.

"Baiwar Allah, muna cikin wani abu," in ji Shugaba ba tare da ta dube ta sosai ba. "In magana ce da ke, buɗe baki ki yi."

Yaya ta jawo ɗaya daga cikin littattafan da ke buɗe. Ta ɗora yatsa a kan da'irar. Sannan ta ɗaga yatsan ta ɗora a kan goshinta.

Shugaba ta dubi shafin, ta dubi matar da ke gabanta, ta dubi Auta da ke tsaye a gefe da goshi iri ɗaya.

Kalmar ta daɗe. Jijiyar wuyan Yaya ta miƙe, idonta ya rufe ya buɗe. Manaja ya motsa zai sa baki, Baba mai gam ya riƙe masa hannun riga. Ba wanda ya tafa. Ba wanda ya ƙarasa mata.

"Ba... ba... ban warke ba, Malama."

Ta ja numfashi. Ta juya shafin zuwa akwatin toka, ta ɗora tafin hannunta a kansa ta rufe shi.

"Ka-kada su gwada."

Shugaba ta ɗaga hannunta mai zobe a saman tebur, kamar kullum. Ya tsaya a iska. Ta dube shi, ta sauke shi a hankali a kan cinyarta.

"Za mu sake bugawa, ranki ya daɗe," Manaja yana cewa. "Kwana za mu yi a kai. Yarinyar nan kuwa yau za ta san..."

Tsohuwar ta rufe littafin da ta karya, ta daidaita shafukan da suka zazzago, ta ajiye shi a kan sauran. Ta cire tabarau ta sa a gidansa. Ta rataya jaka. Ma'aikatan suka dare mata hanya, ta bi ta tsakanin kwalayen tana dafa su, ba ta ɗauki ko ɗaya ba, ta fita ta ja ƙofar a bayanta a hankali yadda ko ƙara ba ta yi ba.